Mas'alar Ƙurar Asbestas: Ta Inda Ta Ke Shigar Maza, Da Ta Inda Ta Ke Shigar Mata

 

Cikin 2022 hukumar da ke lura da cututtuka a Amurka ta fid da wani lissafi wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Ta ƙidaya matan da wata irin sankara, wadda likitoci ke kira mesoteliyoma, ta kashe a ƙasar daga 1999 zuwa 2020, ta sami 12,227. A shekarar farko 489 ne, a ta ƙarshe 614. Hukumar da kanta ta ce in an auna da ƙaruwar jama'a da yawan tsofaffi, ciwon bai daɗu ba, ya ma ɗan ja baya. Abin mamakin yana wajen sana'a. Ita wannan sankara tun fil azal an san ta da ciwon ma'aikata, na masu ƙera jirgin ruwa da magina da masu naɗe bututu, domin ƙurar asbestas ce ke kawo ta. Amma da aka duba takardun mutuwa na 2020 don a ga sana'ar matan, sai aka tarar kaso mafi girma, fiye da ɗaya cikin biyar, abin da aka rubuta musu shi ne matar gida. Masu bi musu su ne malaman makarantar yara, sa'an nan ma'aikatan jinya.

To, macen da ba ta taɓa karɓar albashi a wata ma'aikata ba, a ina ta gamu da ciwon ma'aikata? Mas'alarmu ke nan.

Ku sani shi asbestas dutse ne da a ke haƙowa, amma in an fasa shi sai ya tsattsage ya koma zare-zare kamar kaɗa. Wuta ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ga shi da araha. Saboda haka Turawa suka sa shi cikin kome: suka kwaɓa shi da siminti suka yi kwanon rufi da silin da bututun ruwa, suka naɗe tukunyar jirgi da shi, suka sa shi a birkin mota, har suka saƙa shi tufa. Iri uku ne suka cika kasuwa, fari da ruwan ƙasa da shuɗi. Dukansu suna kisa, sai dai shuɗin ya fi dafi, ruwan ƙasa na bi masa. Silinsa guda ido ba ya ganinsa sai da madubin likita. In mutum ya shaƙe shi ya wuce can ƙasan huhu, jiki ba ya iya narkar da shi, wani kuwa ya kan ratsa har ya kai tantanin da ya lulluɓe huhu, ko wanda ya shimfiɗu cikin ciki ya rufe hanji. Nan ya ke kwanciya shekara 20, 30, 40, wani lokaci har 50, mutum yana harkarsa lafiya lau. Sa'an nan tantanin ya soma kauri, ruwa ya taru a ƙirji, numfashi ya gajarce, jiki ya rame. Daga ranar da likita ya gane ciwon zuwa cikar ajali galibi shekara guda ce ko kusa da haka. Shan taba ba ya kawo wannan irin, ko da ya ke taba in ta haɗu da asbestas tana ninka haɗarin sankarar huhu kanta, ita kuwa wannan wata cuta ce dabam.

Ƙofar da ƙurar ke bi ta shiga maza a buɗe ta ke, ba ta bukatar dogon bayani. A Ingila da Sikotilan da Wales ciwon yana kashe fiye da mutum 2,000 ko wace shekara. Cikin 2023 maza wajen 1,800 ne, mata wajen 400. Wani bincike da aka buga can cikin 2009 ya nuna kafintan da aka haifa a shekarun 1940, in ya yi fiye da shekara goma a sana'ar kafin ya kai talatin, to ɗaya cikin 17 na irinsu wannan ciwon ne ajalinsa. Dalili kuwa allunan ruwan ƙasa da su ke yanka da zarto a wurin gini. Bayansu masu gyaran famfo, da masu aikin lantarki, da masu fenti, da leburorin tashar jirgin ruwa. Ƙasar ta hana shuɗi da ruwan ƙasa cikin 1985, ta hana fari cikin 1999. Adadin maza ya soma sauka, domin waɗanda suka yi aikin da yawa sun riga sun tafi. Na mata kuwa ya tsaya wajen ɗari huɗu, bai sauka kamar na maza ba.

Kada mai karatu ya ɗauka mata ba su taɓa yin aikin asbestas da hannunsu ba. Hasali ma su aka fara gani. Cikin 1898 wata mace mai duba ma'aikatu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta wa Gwamnati gargaɗi a kan sharrin wannan ƙura, aka karanta aka ajiye. Mutum na farko da likitoci suka rubuta labarinsa filla-filla cewa asbestas ya busar masa da huhu mace ce, Nellie Kershaw, mai kaɗa zaren asbestas a wata masaƙa a Rocdel. Ta rasu cikin 1924 tana da shekara 33, kamfanin bai biya ta ko anini ba, aka binne ta a kabarin talakawa ba alama. Nata ba sankara ba ce, ƙanƙancewar huhu ce, amma ƙurar ɗaya ce. A lokacin Yaƙin Hitila kuma, a birnin Notingham, an ɗebi mutum 1,154, yawancinsu mata, suna harhaɗa takunkumin da soja ke sawa don tsoron hayaƙi mai guba, matacin cikinsa kuwa shuɗin asbestas ne. Waɗansu watanni kaɗan suka yi suka bari, suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, suka ga jikoki. Zuwa 2003 an ƙidaya 65 daga cikinsu da mesoteliyoma ta kashe.

A Afirka ta Kudu ma, inda aka fara tabbatar da asalin ciwon, haka abin ya ke. A ƙasar Kuruman da kewayenta maza ke haƙo shuɗin dutsen, mata da yara ke zama a bakin rami da guduma suna fasa shi suna ware zaren, sau da yawa da goyo. Wani likita a asibitin masu tarin fuka na Kimbali, mai suna Sleggs, ya lura cewa marasa lafiyar da ke zuwa daga wannan nahiya da ruwa a ƙirji maganin tarin fuka ba ya yi musu kome, alhali yana warkar da na sauran wurare. Shi da Wagner da Marchand suka bi diddigi, cikin 1960 suka buga labarin mutum 33, maza 22 da mata 11. In banda guda, dukansu sun taɓa zama da shuɗin asbestas. Da yawansu kuwa ba su taɓa aiki a mahaƙa ba, ƙuruciya kawai suka yi kusa da ita.

Amma ƙofar da ta fi ɓoyuwa ita ce ta wanki, a nan ya kamata mu daɗe.

Cikin 1965 waɗansu mata biyu masu bincike, Muriel Newhouse da Hilda Thompson, suka ɗauki takardun marasa lafiya 83 da aka tabbatar da wannan ciwo gare su a wani babban asibiti na gabashin Landan. Rabinsu mata ne. Ba su tsaya ga abin da ke rubuce ba, suka bi gida-gida suna tambayar dangi, har suka sami cikakken tarihin mutum 76. Daga ciki 31 sun yi aikin asbestas. Goma sha ɗaya ba su yi ba, amma sun zauna cikin rabin mil daga wata ma'aikatarsa. Tara kuwa ba su yi aikin ba, abin da ya haɗa su da shi kawai sun zauna gida ɗaya da mai yinsa. Bakwai daga cikin taran mata ne, labarinsu kusan iri ɗaya: miji ya komo da kayan aiki, matar ta wanke. Wata matar leburan tashar jirgi ta shekara uku ko huɗu mijinta yana komowa gida fari fat da ƙura, ita ke kakkaɓe shi ko wane maraice. Mazan nan biyu da suka cika tara su ma ta hannun mace ƙurar ta zo musu, domin suna yara 'yan shekara takwas ko tara yayyensu mata ke aiki a ma'aikatar.

Wanda ya taɓa ganin yadda a ke wanki ya san abin da ya faru. Ba mai tsoma riga mai ƙura cikin ruwa sai ya fara kaɗa ta, ya zazzage aljihu. Miji a wurin aiki wataƙila yana fili inda iska ke kaɗawa. Matar kuwa tana cikin ɗan ƙaramin ɗakin girki, ƙofa a rufe saboda sanyi, rigar tana daf da hancinta. Abin da ya zuba a ƙasa ta share shi da tsintsiya ya sake tashi, ya sauka a kan shimfiɗa da labule, gobe ya sake tashi. Mijin yana da lokacin tashi daga aiki, ita kuwa cikin ɗakin ta ke wuni ta kwana, da 'ya'yanta.

Garin da ya fi ba da hujja a kan wannan shi ne Kasale Monferato a arewacin Italiya, inda kamfanin Eternit ya yi ma'aikatar siminti mai asbestas daga 1907 zuwa 1986. Masu bincike suka ware matan ma'aikata 1,780 waɗanda ba su taɓa aiki a ma'aikatar ba, suka bi mutuwarsu daga 1965 zuwa 2003. Da a ce kamar sauran matan lardin su ke, da mace guda ce, ko da ɗan ɗori, za a sa ran sankarar tantanin huhu ta kashe. Aka sami 21. Watau ninki 18. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Har wa yau mutanen garin sun riƙa kwasar tarkacen ma'aikatar suna daɓe tsakar gida da shi suna zuba shi ƙarƙashin rufi, suna ganin sun sami banza. Wata tsohuwa a garin, Romana Blasotti Pavesi, wadda ta daɗe tana shugabantar ƙungiyar iyalan mamata, ta binne mutum biyar nata da wannan ciwo, ciki har da mijinta wanda ya yi aiki a ma'aikatar, da 'yar'uwarta, da 'yarta ta cikinta wadda ba ta taɓa aiki can ba.

Wani zai ce, ai duk da haka maza sun ninka mata huɗu ko fiye, ko dai jikin mace ya fi jure wa ƙurar ne? Amsar tana Turkiyya. A waɗansu ƙauyukan Anadolu akwai wata farar ƙasa da mutane ke haƙa a gindin duwatsu suna shafe bango da ita, suna daɓe rufi, suna gina tukwane, har su kan barbaɗa wa jarirai a madadin hoda, ba su san tana ɗauke da asbestas ba. Babu ma'aikata, babu albashi, kowa cikin ɗaki ɗaya ya ke numfashi. Da aka ƙidaya ciwon a ƙauyukan lardin Eskishehir, aka buga cikin 2002, sai aka ga mata sun kai maza, har sun ɗara. An ga irin wannan shafen bango a Metsobo ta ƙasar Girka. Ba ina cewa ko wace farar ƙasa haka ta ke ba, kada wani ya je ya ta da hankalin iyalinsa, wannan ta duwatsun can ce. Abin da na ke so a riƙe shi ne, inda ƙurar ta shigo ta ƙofar gida, sikeli ya kan daidaita tsakanin namiji da mace. Ashe fifikon maza a ƙasashen masana'antu na rabon aiki ne.

Yanzu sai mu zo ga lissafin da ya sa na ɗauki alƙalami. A Faransa an kwatanta masu ciwon da marasa shi, aka buga cikin 2014. Cikin maza ɗari masu ciwon, 83 an danganta nasu ga aikin da suka yi. Cikin mata ɗari, 42 kaɗai. Da aka ƙara da ƙurar gida da ta unguwa da ta gyare-gyaren ɗaki, na maza ya ɗan motsa zuwa 87, na mata ya yi tsalle zuwa 65. Ku duba yadda sake tambaya kawai ya fito da mace 23 cikin ɗari daga duhu. Duk da haka sulusin matan sun rage ba a san ta inda ƙurar ta same su ba. A binciken Ingila na 2009 da na ambata, wanda ba a gano sababinsa ba ko a aiki ko a gida 14 ne cikin ɗari a maza, a mata kuwa 62.

Ɗan kasuwa ya yi mini wannan lissafin da ka. Kashi 14 cikin ɗari na maza 1,800 wajen 250 ne. Kashi 62 cikin ɗari na mata 400 shi ma wajen 250 ne. Mudun ɗaya ne ashe, buhun da aka ɗebo shi ne ya bambanta. Akwai wata ƙura, ko wani sababi, da ke samun namiji da mace daidai wa daida, amma a wajen maza taron ma'aikata ya rufe ta ba a ganinta, a wajen mata ita ce mafi yawa. Likitoci sun yi saɓani a kan wannan saura. Waɗansu sun ce akwai wanda ba ruwansa da asbestas: akwai na gado, domin cikin 2011 an gano wata tawaya a ƙwayar halitta da ke bin zuriya tana buɗe wa ciwon hanya, akwai kuma wanda ke biyo bayan gashin haske da a ke yi wa masu wata sankara. Wannan gaskiya ne, amma kaɗan ne. Masu binciken Ingila su kansu sun karkata ga cewa da yawan sauran asbestas ne wanda mutum ya shaƙa bai sani ba, a cikin makarantu da asibitoci da ofisoshi da gidajen da aka gina lokacin da a ke zuba shi ko'ina. Ni ma nan na karkata. Ku tuna su wa suka bi matan gida a lissafin Amurka: malaman makaranta da ma'aikatan jinya, masu shekara talatin cikin tsohon gini ɗaya.

Malamai sun san labari ba ya tsayuwa sai da salsala, wane daga wane daga wane. Namiji yana da salsalarsa cikakkiya. Sunansa yana cikin littafin albashi, akwai ranar da ya kama aiki da ranar da ya bari, akwai abokan aiki da za su yi shaida cewa sun gan shi yana yanka allo, akwai ƙungiyar ma'aikata da ta san lauya. Likita ya ce masa, wane aiki ka yi? Ya amsa, magana ta ƙare. Mace kuwa aka yi mata wannan tambaya sai ta ce, ni ban yi aiki ba. Gaskiya ta faɗa bisa fahimtarta, likita ya rubuta babu. Ba a tambaye ta aikin ubanta ba, ko na mijinta na fari da ya rasu shekara ashirin da suka wuce, ko wa ke wanki a gidansu tana budurwa, ko wace ma'aikata ce ke bayan makarantarsu. Ko an tambaya ma, yarinya 'yar shekara tara ina ta san sunan farar ƙurar da ke kan hular babanta?

Har wadda ta yi aikin albashi ma ta kan ɓace a lissafi, domin sana'arta ba ta cikin jerin da likita ya haddace. Italiya tana da kundin ƙasa da a ke rubuta ko wane mai wannan ciwo. Daga 1993 zuwa 2012 an rubuta 21,463, mata 6,087, watau 28 cikin ɗari. Da yawan matan da suka same shi a wurin aiki a masaƙun auduga da ulu ne, inda ba a saƙa asbestas ko kaɗan, amma yana cikin birkin injuna da naɗin bututun tururi. Waɗansu kuma, fatake su saurara, sana'arsu gyaran tsofaffin buhunan algarara ce, su kakkaɓe su ɗinke a sake sayarwa, buhunan kuwa an taɓa zuba asbestas a ciki. Akwai kuma maganar hodar jiki, domin dutsen da a ke niƙawa a yi ta wani lokaci jijiya ɗaya su ke da asbestas a ƙarƙashin ƙasa. An yi ta shari'a a kan haka a Amurka. Kamfanin Johnson & Johnson ya musanta cewa hodarsa na da shi, amma ya daina sayar da irin wannan hoda a duniya duka cikin 2023.

A jiki ma akwai ɗan bambanci. Irin da ke kama tantanin ciki rabon mata a cikinsa ya fi rabonsu a na ƙirji, a kan kuma rikita shi da sankarar ƙwan mace, sai a makara wajen ganewa. Mata sun fi daɗewa bayan an gane ciwon: a wani lissafin Amurka na 2014, wajen 13 cikin ɗari na mata sun kai shekara biyar, maza kuwa ba su kai 5 ba.

Rashin salsala ba a asibiti kaɗai ya ke cutarwa ba, a gaban alƙali ya fi zafi, domin diyya tana bin hujja. Dokokin diyyar ma'aikata an yi su ne tsakanin ubangida da wanda ya ɗauka aiki. Matar da ta yi wanki ba wanda ya ɗauke ta aiki. Akwai shari'ar Maguire a Ingila. Mijin ya yi aikin tukunyar jirgi a Libaful daga 1961 zuwa 1965, matar tana kakkaɓe kayansa tana wankewa, bayan shekara wajen arba'in ciwon ya kama ta. Kotun farko ta ba ta gaskiya. Cikin 2005, bayan ta rasu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin da rinjayen alƙali biyu a kan ɗaya. Hujjarsu ita ce kafin 1965, shekarar binciken Newhouse, ba za a ɗora wa kamfani sanin cewa ƙurar tufafi za ta cuci na gida ba. Kamfanin ya riga ya san ƙurar tana cutar da mijin, wajibi ne a kansa ya rage ta, da ya rage da ba ta kai gida ba. A ganina alƙalin da ya saɓa wa 'yan'uwansa ya fi kusa da daidai. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a nan kuwa wadda ba ta ja ba ita ya doka, aka kuma ce ba mai lamuni.

Ba kullum a ke faɗuwa ba. A unguwar Armili ta birnin Lidis akwai ma'aikatar asbestas da ta yi ta fesa ƙura a tituna har aka rufe ta cikin 1959, yara suna dunƙula ta suna jifan juna. Wata mace, June Hancock, ta yi wasa nan tana yarinya. Ciwon ya kashe uwarta cikin 1982, sa'an nan ya kama ta. Ta kai ƙara, cikin 1995 kotu ta ba ta fam 65,000, kamfanin ya ɗaukaka ƙara ya faɗi cikin 1996, ita kuwa ta rasu cikin 1997. Sai cikin 2008 Gwamnatin Ingila ta kafa wani tsari na biyan kuɗi dunƙule ga mai wannan ciwo ko da ba a wurin aiki ya same shi ba, har da wadda ta same shi ta hanyar wanki. Japan ta riga ta da shekara biyu, bayan da aka gano cikin 2005 cewa maƙwabtan wata ma'aikatar bututu a Amagasaki suna mutuwa da shi.

Ƙasashe da yawa sun hana asbestas: Italiya 1992, Ostareliya 2003, Tarayyar Turai baki ɗaya 2005, Afirka ta Kudu 2008, Kanada 2018. Amurka sai cikin 2024 ta yi dokar hana farin. Rasha da Kazakistan da Sin ba su daina haƙa ba, Indiya ba ta daina saye ba.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen amfani da shi. A shekarun baya an yi ma'aikatun kwano da silin na asbestas a Ikko da Sapele da Inugu da Kano da Bauci, abin da suka yi kuwa yana nan bisa kawunan mutane a gidaje da makarantu da shaguna. Allon da ke zaune lafiya, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Sharrin yana tashi ranar da aka sa masa zarto, ko aka huda shi, ko aka farfasa shi wajen rushe gini, ko ya tsufa yana marmashewa. Mai yankan ya jiƙa shi da ruwa tukuna, kada ya sa masa injin yanka. Abin da ya zuba a kwashe shi a jiƙe, kada a ba mace ko yaro tsintsiya a ce ya share busasshe, kada kuma a sa almajirai dakon ɓaraguzansa ko a cike kwaroron gida da su. Kayan aiki a tuɓe su a wurin aiki. A garuruwanmu sau da yawa ba matar gida ke wanke irin waɗannan kaya ba, mai wanki da guga ne a bakin titi, to shi ma a gaya masa ya tsoma su cikin ruwa kafin ya kaɗa, ya ware su da na sauran mutane. Dillalin tsohon silin da tsohon kwano ya san abin da ya ke sayarwa, ya gaya wa mai saye.

In kuwa wata dattijuwa ta kwanta da ruwa a ƙirji, tana haki tana ramewa, an ba ta maganin tarin fuka wata da watanni ba sauƙi, wanda ya raka ta asibiti kada ya tsaya ga cewa ba ta taɓa aiki ba. Ya gaya wa likita aikin ubanta da na mijinta, na yanzu da na da, ko kafinta ne ko magini ko bakanike mai gyaran birki ko lebura a ma'aikatar silin. Ya faɗi unguwar da ta girma da abin da ke kusa da gidansu, da irin rufin ɗakin da ta zauna, da ko an taɓa rushe shi tana ciki. Ya koma baya shekara arba'in, ya tambayi yayyenta in suna da rai, domin su ne za su tuna wa ke wanki a gidan.